Yaya zan gwada ƙarfin waldata a gida tunda ba ni da injin gwaji?

Sabon_Hannu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da aiki. Dan Allah tambaya gareni ga manyan da suka daɗe a harkar nan. Ban jima da fara koyon walda ba, ni kaɗai nake koya a gida da ƙaramin injin inbata, sandar da nake amfani da ita 6013 ce mai milimita 2.5, ina sa injin a kan amfiya 70, ƙarfen kuma falat ba ne mai kaurin milimita 6 da ɗan angul. Yanzu dai layin ya fara fita da kyau, ɓawon da ke rufe saman waldar ma wani lokacin da kansa yake ɗagowa, amma abinda ke damuna shine ta yaya zan san ta kama da gaske? Na haɗa guda biyu na ɗaure a bais na yi ta jibgarsu da guduma ko gezau basu yi ba, toh wannan ya isa in ce waldar tana da ƙarfi ko akwai wani abu?

Inaso in haɗa kanta da zan ɗora kayan aiki masu nauyi, in hannuna ya faɗa kuma ina da burin in haɗa 'yar ƙaramar tirela da mota za ta riƙa ja. Kayan da nake da su bais ne da guduma da giranda da zarto da jak ɗin mota. Nagode Allah ya saka da alheri.

DanGuduma

wa alaikumus salam. dan uwa ai ka riga ka gama gwaji, in ka doka da guduma bata balle ba shikenan ta kama. kar ka wahalar da kanka, ci gaba da aikinka kawai

Tsohon_Mai_Walda

Wa alaikumus salam. DanGuduma ka yi haƙuri amma ban yarda da kai ba, kuma irin wannan shawarar ce ke sa yara su shekara suna walda basu taɓa ganin cikin waldarsu ba.

Yaro, abinda ya kamata ka gane shine ba gwajin "ta karye ko bata karye ba" zaka yi ba. Da gangan zaka karya ta, don ka ga abinda ke ciki. Waldar da ta kama rabi ma tana iya jure guduma, musamman in ka yi ta gefe biyu, domin kowane gefe yana tare ɗan'uwansa. Ba abinda ka koya daga wannan dukan sai ciwon kafaɗa.

Ga yadda zaka yi. Ɗauki falat ba biyu, kowanne tsawon kamar milimita 150, ka goge tsatsa da fenti da wannan baƙin ɓawon da ke kan sabon ƙarfe har sai ya yi fari, ka tsayar da ɗaya a kan ɗayan kamar harafin T. Ka yi walda a gefe ɗaya kawai, ɗaya tak, ɗayan gefen ka bar shi haka. A tsakiyar layin ka tsaya da gangan ka cire ɓawo ka sake kunnawa ka ci gaba, saboda wurin tsayawa da tashi nan ne aibu yake ɓuya, kuma a aikin gaske dole sanda ta ƙare maka a tsakiyar layi. Ka bar shi ya huce da kansa, kar ka kuskura ka tsoma a ruwa, in ka tsoma ka canza halin ƙarfen kuma gwajin ya zama na banza.

In ya huce ka ɗaure na ƙasan a bais ka doki na tsayen ta bayansa, wato ka kwantar da shi zuwa ɓangaren da waldar take, ya naɗe a kanta. Haka ne gindin waldar zai buɗe. In ka doka ta ɗaya ɓangaren fuskar kawai kake ja, gindin da muke son gani yana matse a ciki. In ya ƙi karyewa, ja ɗan siririn layi da giranda a tsakiyar fuskar waldar daga farko har ƙarshe, ba mai zurfi ba, sai ta tsage ta nan.

Toh yanzu ne aikin. Duba bakin ƙarfen da ya tsaya. In ka ga kusurwarsa tana nan sumul da kaifinta kamar yadda zarto ya yanka ta, wuta bata ci ta ba, waldar zama kawai ta yi a kai kamar an shafa. In ta kama, bakin zai fito a yage, toka-toka, babu inda zaka ga asalin yankan. Ka duba baƙaƙen ɗigo ko dogon baƙin layi a can cikin kusurwa, wannan kashin walda ne da ya maƙale, kuma 6013 ta yi suna wajen wannan a irin haɗin T, don ɓawonta ruwa-ruwa ne yana rigan narkakken ƙarfen shiga kusurwa in wuta ta yi ƙasa ko ka ɗaga hannu da yawa. Ƙananan ramuka zagayayyu masu sheƙi kuma iska ce, daga datti ko mai ko sanda mai danshi.

Tun kafin ka karya ma zan iya ce maka 70 ta yi kaɗan wa ƙarfe mai kauri 6. Amma ka karya ka gani da idonka, ya fi in faɗa maka.

Ka sa gilashi. Guntun ƙarfe in ya tashi baya sallama.

Mai_Duba_Aiki

Baba ya gama magana a kan haɗin T, kuma ba gwajin gida kawai ba ne, kusan haka yake a littafin ƙa'idar walda na Amurka wato AWS D1.1, har da tsayawa a tsakiyar layin. A can in ƙarfen ya naɗe ya kwanta bai karye ba ka ci, in ya karye kuma sai a ga ta narke har gindi, babu rami ko kashi da ya wuce kamar milimita 2.5, kuma in an haɗa dukkan aibun kar su wuce milimita 10 a tsawon 150 ɗin.

Bari in ƙara maka lissafi kaɗan don ka ga dalilin da yasa gudumarka bata nuna komai ba. Lambobi biyun farko na jikin sanda ƙarfin ja ne, 60 na nufin fam dubu 60 a kan kowane inci murabba'i, 70 na sandar 7018 kuma dubu 70, lamba ta uku 1 tana nufin za'a iya aiki da ita a kowane tsayi, kwance ko tsaye ko sama da kai. Ƙarfen gini na yau da kullum irin A36 yana fara miƙewa ne a dubu 36. Kaga kenan ƙarfen sandar ba shine matsala ba, ko 6013 ɗin da wasu ke rainawa ta isa. Waldar kusurwa mai faɗin milimita 6 a jikin kowane ƙarfe, kaurinta na gaske daga gindi zuwa fuska 6 sau 0.7 ne, wajen 4.2. Injiniyoyi kashi 30 cikin 100 na lambar sandar suke yarda a ɗora mata, in ka buga zaka ga layi mai tsawon milimita 100 kacal yana ɗaukar wajen tan 5 in an yi shi daidai. Toh wanda kashi ɗaya cikin huɗu ya kama ma ai ya wuce tan ɗaya, ina gudumarka zata iya da shi in dai ba ta hanyar da Baba ya ce ka bi ba.

Na biyu gwajin lanƙwasa, shi na haɗin baki da baki ne. Ka fere bakin ƙarafan biyu da giranda ya zama V, wajen digiri 60 in an haɗa, ka bar ɗan tsakani a gindi kamar kaurin sandarka, ka cike. Sai ka yanko tsiri biyu a gicciye, waldar tana tsakiya, faɗin kowanne kamar milimita 38. Kar ka yanko daga farkon layi ko ƙarshensa. Goge tudun waldar sama da ƙasa har ya yi daidai da ƙarfen, amma kar ka ci ƙarfen kansa, kuma layukan girandar su bi tsawon tsirin ba su gicciye shi ba, don kowane zurfin layi a gicciye mafarin tsagewa ne kuma zaka zargi waldarka alhali giranda ce ta jawo. Kusurwoyin ma ka ɗan kashe kaifinsu da magagari.

Ɗaya ka lanƙwasa fuskar walda tana waje, ɗayan gindin yana waje. Abin da zaka naɗe a kai kaurinsa ya zama kamar sau huɗu na kaurin ƙarfen, a gwajin hukuma ƙarfe mai kaurin milimita 10 ana naɗe shi a kan mai milimita 38, kai mai 6 ka nemi rodi sumul ko shaf mai wajen 25. Ana so ya zama U cikakke, digiri 180, waldar tana daidai tsakiyar gwiwar. A gida ka fara da bais da guntun fayif a matsayin hannu ka ja shi a kan rodin, in ya kai rabi ka sa shi cikin bais ɗin ka matse da rodin a ciki. Jak ma yana yi amma sai kana da firam mai ƙwari, kuma kar firam ɗin ya zama wanda kai ka yi waldarsa jiya, kar kuma ka tsaya a saitinsa. In ya naɗe babu tsagar da ta wuce milimita 3 a bayan gwiwar, ta yi. Na fuska kusan kowa yana ci, na gindi ne ke kada mutane.

Sabon_Hannu

Kai masha Allah, nagode sosai Baba, nagode yallaɓai. Gaskiya ni gefe biyu na yi wa wanda na doka, shi yasa. Tambaya ɗaya, na ga wasu suna yanka walda su shafa wani ruwa sai a ga zane ya fito a jikin ƙarfen, menene wannan ruwan? Kuma maganar tirela fa, in na ci waɗannan gwaje-gwajen zan iya farawa?

Mai_Duba_Aiki

Asid ne mai rauni. Ka yanka haɗin T ɗin a gicciye da zarto ko giranda a hankali kar ya yi zafi har ya canza launi, ka goge fuskar yankan da magagari sannan sanfefa daga mai kaushi kamar 120 har zuwa 400 ko 600, ya yi sumul. A ɗakin gwaji naital ake shafawa, asid ɗin naitirik kaɗan cikin sifirit, amma ban so ka haɗa shi a gida ba don haɗin yana da haɗari. Nemi ferik kuloraid, wanda masu gyaran lantarki ke cin allon sakit da shi, ko ruwan cire tsatsa mai asid ɗin fosforik, shi dai yana ɗaukar lokaci kafin ya nuna. Sa safar hannu da gilashi, shafa da auduga, jira kaɗan, wanke da ruwa ka busar. Zaka ga ƙarfen sandar da launinsa daban, ka ga iyakar inda ya ci cikin kowane falat, da wani inuwa-inuwa a kewaye wanda shine inda zafi ya taɓa. Abinda kake nema shine narkewar ta kai can cikin kusurwa kuma ta ɗan shiga duka ɓangarorin biyu. In akwai siririn baƙin layi tsakanin walda da ƙarfe toh nan bata haɗu ba. Amfanin wannan shine zaka iya yin guda uku da wuta daban-daban ka jera su ka gani, sai dai yana nuna maka wurin da ka yanka ne kawai, karyawa kuma tana nuna maka duk tsawon layin, don haka ka yi duka biyun.

Tirela na bar wa wasu su amsa.

Injiniya_Mace

Ƙanina kanta kam ka haɗa, in ka karya 'yan gwaji ka ga gindi yana kamawa ba abinda zai same ta, nauyi ne a zaune wuri ɗaya. Tirela kuma a'a tukuna, kuma ba don raina hannunka ba.

Duk gwajin da aka lissafa maka na ƙarfi ɗaya ne, an danna sau ɗaya an gani. Tirela ba haka take mutuwa ba. Girgiza ce ke kashe ta, nauyi ya hau ya sauka sau dubbai a kowace tafiya, sai wata 'yar tsaga da ido baya gani ta fara daga bakin walda inda wuta ta ɗan ci ƙarfen ta bar kwari, ko daga ramin da ka bari a ƙarshen layi lokacin da ka ɗauke sanda da sauri, ta riƙa tafiya kaɗan-kaɗan har ranar da ragowar ƙarfen ya kasa. Wannan gajiyar ƙarfe ce kuma tana faruwa a nauyin da bai kai rabin abinda waldar zata iya ɗauka sau ɗaya ba. Ba guduma ko bais da zai nuna maka ita.

Ba 'yan koyo kaɗai take kamawa ba. A watan Maris na 1980 dandalin Alexander Kielland da ma'aikatan haƙar mai ke kwana a kai ya kife a Tekun Arewa, a ɓangaren ƙasar Nowe, mutum 123 suka rasu. Da aka bincika, tsagar ta faro ne daga wata ƙaramar waldar kusurwa mai milimita 6 da aka riƙe mazaunin wata na'urar sauraron sauti da ita a jikin ɗaya daga cikin tokaran, abin da ba shi ne ke ɗauke da nauyin dandalin ba ma. Daga nan ta zagaye tokaren har ya yanke, sauran suka biyo baya, ƙafa ɗaya ta fita. Girman waldar da kake yi yanzu kenan.

Sannan tsarin ma rabin magana ne, inda aka sa waldar da inda aka ƙi sa ta. Akwai wuraren da ba'a yin walda a gicciye a kan ƙarfen da ke ɗauke da lanƙwasa, irin saman dogon hannun da ke haɗe da mota, komai kyan hannun mai yin. Don haka duk abinda in ya saki zai faɗa kan mutum ko ya shiga titi, tirela, ƙugiyar ɗaga inji, abin shiga ƙarƙashin mota, tankin iska, ka bari sai wanda ya ƙware ya tsaya a kanka ko ya yi waɗannan wuraren da kansa.

Kuma ka lura gwajin da ka ci a kwance kan tebur na kwance ne kawai. Ko a takardar shaidar masu walda, ta AWS ko ta ƙasa da ƙasa wato ISO 9606, ana rubuta tsayin da mutum ya ci da kaurin ƙarfe da irin sandar. In kantar zata sa ka yi walda a tsaye toh yi gwajin a tsaye, da irin angul ɗin da zaka yi aikin da shi.

DanGuduma

toh naji na karba, amma ni dai har yanzu ina ganin in mutum zai tsaya yanka da shafa asid a kan kowane aiki ba zai gama komai ba. ga wata dabara mai sauki ta tsofaffi in kana neman tsaga ko yoyo, ka dama alli da ruwa ka shafa a gefe daya na waldar ya bushe, ka shafa kananzir a daya gefen ka jira, in akwai huda zaka ga tabo ya fito a allin. amma ka goge kananzir din tas ya bushe kafin ka sake kunna inji a wurin

Tsohon_Mai_Walda

Wannan kam gaskiya ne, tun zamanin da ake duba ƙarafan jirgin ƙasa da mai da alli, shine kakan jan fentin nan na gwangwani uku da ake fesawa don gano tsaga. Sai dai abinda ya buɗe zuwa waje kawai yake kamawa, gindin da bai narke ba a ciki ba zai nuna ba. Kuma ba wanda ya ce a yanka kowane aiki, a kan tarkace ake yi kafin a taɓa aikin.

Tunda an zo maganar shafe-shafe, yaro kar ka wanke ƙarfen da zaka yi wa walda da feshin wanke birki mai kulorin, in wutar walda ta same shi yana iya zama fosjin, guba ce mai kisa. In ƙarfen galbanaiz ne ka goge tutiyar daga wurin kuma ka yi a fili, hayaƙinta na sa zazzaɓi. Duro ko tankin da aka taɓa zuba mai kuma ko kusa da shi kar ka kai sanda.

Sabon_Hannu

Na dawo da rahoto. Na yi T ɗin gefe ɗaya kamar yadda Baba ya ce. Na 70 ko wahala bai bani ba ya ɓalle, bakin falat ɗin yana nan da kaifinsa kusan duk tsawon, ga baƙin layi a kusurwa, alhali daga waje wallahi shine ya fi kyau. Na ƙara zuwa 90 na sake, wannan sai da na ja layi da giranda kafin ya karye kuma bakin ya yage sosai, sai dai a wurin da na tsaya na sake kunnawa akwai baƙi kamar tsawon farce, sannan a jikin na tsayen ta sama wuta ta ɗan ci ƙarfen ta bar kwari. Anti na ajiye maganar tirela. Me zan gyara?

Tsohon_Mai_Walda

Yauwa, yanzu ka fara gani. Kwarin nan na sama yawanci daga hannu ne, yana fitowa ne in ka nisanta sandar ko ka miƙa ta sosai ga na tsayen. Riƙe ta wajen digiri 45 tsakanin ƙarafan biyu, bakinta ya nufi cikin kusurwa daidai, ka ɗan kwantar da ita zuwa inda kake tafiya kana ja ba turawa ba, kuma ka matso da ita har kana jin tana ɗan gogar ƙarfen. Kar ka yi ta lilo da ita, layi ɗaya miƙe. Idonka a kan narkakken ƙarfen, in ka ga ɓawon ya fara wuce gaban sanda ƙara kwantar da ita kaɗan ka ɗan ƙara sauri.

Wurin sake kunnawa, ka cire ɓawon tas ka goge da burushin waya, in da hali ka ɗan fere ƙarshen da giranda ya yi gangare. Kunna a gaban ramin kamar milimita 10, ka dawo baya cikin ramin ka cike shi, sannan ka wuce gaba ta kan inda ka kunna. A ƙarshen layi ma ka ɗan dakata ramin ya cika kafin ka ɗauke.

90 kusan ƙarshen abinda 2.5 zata ɗauka kenan, in ka ga ragowar sandar tana yin ja kafin ta ƙare ka sauko zuwa 85. Wa kauri 6 gara ka sayi 3.2 ka fara daga wajen 110 ka riƙa ƙara biyar-biyar. Lambar da ke fuskar ƙananan injinan nan ba kullum take daidai ba, don haka ka rubuta lambar da alli a jikin kowane guntu kafin ka karya. Ka yi na 110 da 115 da 120, ka turo mana hoton bakin da ya karye daga kusa, da na yankan in ka samu ruwan shafawar.